In kanka ba irin na kowa ba ne: yadda za ka nemi taimako a Yamai ba tare da an maida ka mahaukaci ba

Shekarata 36 kafin wani ya zaunar da ni ya saurare ni awa guda cur, ya ce mani abin da ke wahal da ni yana da suna. Kafin nan sunaye da yawa anka ba ni. A lakwal a Tawa mushe yakan ce yaron nan akwai kai amma ba ya zama wuri guda, a gida Inna ta taɓa zargin kurciya anka yi mani don na canza aiki sau huɗu cikin shekara shida, matata kuwa ta gaji da cewa ai jiya na faɗa maka, ni kuma wallahi na ji ta sanda take faɗa, amma kafin gari ya waye maganar ta bi ruwa. Likita ya ce TDAH ne, wato wahalar tsai da hankali wuri guda tare da rawar jiki da gaggawar yanke abu. Ƙanena kuma, wanda duk dangi ke ce ma miskili tun yana ɗan ƙarami, daga baya anka gane otizim gare shi, wato wahalar cuɗanya da mutane da jure hayaniya. Gyaran portabul yake yi, in ka ba shi wayar da kowa ya kasa zai kwana kanta har ta tashi, amma ka kai shi gidan biki minti goma ya isa ya fara toshe kunne yana neman ƙofa.

Mu biyun nan ne sunka sa na rubuta wannan, don na san a Bukoki da Talaje da Harobanda akwai manya masu gemu, akwai mata masu ƴaƴa huɗu, da ke yawo da irin kanmu suna zagin kansu kullum dare.

Bari in fara share wani abu. Otizim da TDAH da disleksi, wato wahalar karatu da haɗa baƙaƙe, ba hauka ba ne, ba aljanu ba, ba sammu ba, kuma ba rashin tarbiyya ba. Haka ƙwaƙwalwar ta ginu tun farko, kuma gado na da hannu sosai a ciki, shi ya sa in ka duba dangi sai ka tarar da wani kawu ko wata gwaggo da anka sani da irin halin. A 2023 OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da otizim a duniya, TDAH kuwa ana samun shi ga manya kamar 2 zuwa 3 cikin 100, kuma yaran nan ai girma suke yi, ba ɓacewa suke ba in sun kai shekara 18. Tun 1943 wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya bayyana otizim a rubuce, amma shekaru da yawa ana ganin abin na yara ne kawai, yara maza ma. A ƙarshen shekarun 1990 ne masu abin da kansu sunka fara cewa ku daina kallonmu kamar mota mai lalatacciyar inji, kanmu daban ne, muna da inda muke wahala muna da inda muke ƙarfi, wata ƴar Ostareliya Judy Singer tana cikin waɗanda sunka yaɗa wannan tunani. A rediyon Najeriya za ka ji ana cewa galahanga, amma kalmar nan an cakuɗa ta da larurori kala-kala, ni ba na amfani da ita. Kuma don Allah maganar allurar rigakafi ce ke kawo otizim a bar ta, binciken 1998 da ya haddasa jita-jitar an gano na bogi ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

To mi ake zuwa nema wurin likita in ba cuta ba ce? Nan ne mutane ke ruɗewa. Ba za ka je don a sauya maka kai ba. Za ka je don ka san yadda naka ke aiki, kuma don a yi maganin abin da shekarun zagi da ɓoyo sunka haifar, fargaba, baƙin ciki mai nauyi da ba ya tashi, rashin barci, wani ma shaye-shaye. Waɗannan su ne ke kashe mutum a tsaye, kuma su suna da magani.

Kafin ka taka ko'ina, sayi kaye

Wannan shi ne abin da ya fi yi mani amfani kuma kuɗinsa bai kai na shayi ba. Kaye guda da bik. Sati biyu ko uku kana rubuta abin da ya faru, ba abin da kake zato ba. Kada ka rubuta ni malalaci ne, rubuta ran Talata na zauna gaban rahoton da shef ya ce in gama, awa uku ban rubuta layi guda ba, sai ƙarfe sha ɗayan dare na gama shi cikin minti arba'in. Rubuta ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa barci ya zo, kofin shayi nawa ka sha a fada, mi ya sa ka fashe da faɗa, wace ƙara ce ta dame ka. In rubutu ne matsalarka yi ma kanka bokal a WhatsApp, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya rubuta. Dalili shi ne in ka shiga ofishin likita layi na bayanka, minti kaɗan gare ka, kuma irin kanmu a nan ne yake ɗaukewa kamar kuran, ka hito sai ka tuna duk abin da ya kamata ka faɗa.

Sannan ka koma baya. TDAH ba ya farawa da girma, ƙa'idar likitoci ita ce alamun su kasance tun kafin shekara 12, kuma a wuri fiye da ɗaya, gida da lakwal misali, otizim ma tun yarinta yake. Don haka je ka wurin Inna ko yayarka ko wadda ta goye ka, ka zauna da ita da yamma ba cikin gaggawa ba. Kada ka ce mata Inna ina da larurar ƙwaƙwalwa, za ta tsorata ta rufe bakinta. Ce mata Inna ba ni labarin ina yaro, yaushe na fara magana, ina wasa da yara ko ni kaɗai, wane abinci na ƙi. Ni da na yi haka sai da ta ba ni labarin yadda ake ɗaure mani kuɗin aike a gefen riga don sau uku ina zuwa kasuwa in dawo ban san mi anka aike ni ba, ta yi dariya, ni kuma na rubuta. In akwai tsohon bultan na lakwal cikin akwati ɗauko shi, abin da mushe ya rubuta a ƙasa shaida ce.

Wani abu game da disleksi a ƙasarmu, yaro ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek a gida, ya shiga aji a faransanci, in ya kasa karatu kowa sai ya ce faransancin ne. Tambayi kanka, a makarantar allo ma haka baƙaƙe ke yi maka? Hadda ta kunne na shiga da sauri amma in an ce karanta sai layi ya rikice? In haka ne faɗa ma likita.

Gwaje-gwajen intanet kuwa, akwai mai tambaya shida da OMS ta sa hannu wajen yin shi don TDAH na manya, ana ce mai ASRS, ana samun shi da faransanci. Ba laifi ka cika ka tahi da shi. Amma shi ƙwanƙwasa ƙofa ne kawai, ba hukunci ba, bidiyon TikTok na minti guda ma haka.

Ina za a je

Hanyar da aka saba ita ce ka fara da CSI, ƙaramin asibitin unguwarku, ka ga majo, ka ce kana son a tura ka wurin mai duba lahiyar ƙwaƙwalwa. Tun 2008 OMS ke da wani shiri mai suna mhGAP na koya ma ma'aikatan lahiya na ƙasa-ƙasa gane damuwa da farfaɗiya da makamantansu, don haka kada ka raina majo, wani ya san abin da yake yi. A Yamai babban asibitin ƙasa yana da sashen ƙwaƙwalwa, wanda kowa ke ce ma Pabiyon E, kuma na san abin da sunan nan ke yi ma mutum a ciki, don mu da kanmu munka maida shi abin zolaya. Ranar da na fara zuwa irin wurin nan na yi ta waige kar wani ɗan unguwa ya gan ni. Amma mai ciwon ido na zuwa wurin likitan ido ba ya ɓoye fuska. Akwai kuma masu duba mutane a kilinik masu zaman kansu in aljihu zai ɗauka. In kana Tawa fara da CHR, babban asibitin jaha, ka tambayi mai kula da lahiyar ƙwaƙwalwa kafin ka ɗauki hanyar kilomita 550 zuwa Yamai, in ma sai an zo to a zo da takardar turawa da kayen nan, kuma a nemi randebu tun kafin a hau kar.

Ka bambance mutum biyu. Sikiyatir likita ne, shi ke rubuta ordonans. Sikolog shi zama yake da kai ana magana, yana gwaji, yana koya maka dabaru, ba ya rubuta magani. Da yawanmu sikolog mun fi bukata, wani kuma duka biyun. Masu wannan aiki kaɗan ne a ƙasar nan kuma yawancin lokacinsu na tahiya ne kan masu ciwo mai tsanani, don haka ka shirya ma jira, kuma ka shirya ma cewa ba zama guda ake gane otizim ko TDAH ga babba ba.

Likita na ƙwarai zai fara duba jiki. Ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo, rashin ji sosai, barcin da ba ya isa, farfaɗiya mai ɗauke mutum na ɗan lokaci ba tare da faɗuwa ba, duk suna iya kama da rashin tsai da hankali. Farfaɗiya ma ta fi yawa ga masu otizim fiye da sauran mutane. In ya ce a yi analiz kada ka ga kamar bai yarda da kai ba ne.

Kuma ka faɗi gaskiya kan tramol. Na san samari a fada da sunka fara shi ba don maye ba, don su samu kansu ya tsaya su yi aiki, ɗan kabu-kabu ya wuni kan moto, tela ya kwana kan keke kafin salla. In kana sha faɗa, nawa, tun yaushe. Tramol na iya kawo farfaɗiya, kuma in ya haɗu da wasu magungunan damuwa haɗarin babba ne. Likita ba ɗan sanda ba ne.

Yadda za ka gane wanda zai girmama ka

Nan zan daɗe, don nan ne na sha wuya. Farkon wanda na gani a wani kilinik, ko kaye bai bari na buɗe ba. Ya ce kai da ka yi jami'a kana da mata da aiki ina kai ina TDAH, abin yara ne, ka rage tunani. Ya rubuta mani maganin barci. Na hito na zauna gindin wata bedi na kusan awa guda, na ji kamar ni ne maƙaryaci. Shekara guda ban sake neman kowa ba, kuma shekarar nan ina baƙin cikinta har yau.

Wanda ya dace alamunsa a fili suke. Yana tambayarka kai, ko da ka zo da rakiya, ba ya juyawa ga yayanka ya ce mi ke damun shi kamar ba ka cikin ɗakin. Yana tambayar mi kake so ya sauya a rayuwarka, ba mi dangi ke so ba. Yana tambayar inda kake da ƙarfi. In kana kaɗa ƙafa ko murza casbi ko lilo da jiki ba ya ce maka daina, don ya san da haka jikinka ke kwantar da kansa. In ka ce ban gane ba yana sake faɗa da wasu kalmomi, ko da Hausa, ko ya rubuta maka. In bai saba da otizim na manya ba yana faɗa maka ya tura ka gaba, wannan ma mutunci ne.

Kai ma kana da damar tambaya, cikin ladabi. Likita, ka taɓa duba manya masu irin wannan? Maganin nan na mi ne takamaimai, otizim ɗin ko fargabar? Kwana nawa kafin in ga sauyi, kuma mi zan gani in bai karɓe ni ba? Abin da na faɗa maka zai kai ga iyalina ko wurin aikina? Amsar ta ƙarshe ya kamata ta zama a'a sai da izininka, sai fa in rai na cikin haɗari. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ko ya yi maka alkawarin warkar da otizim, ko ya ce burinmu ka zama kamar kowa, ka yi mai godiya ka nemi wani.

Ga wani abu da ya kamata likitan ya sani game da mu Hausawa. A littattafan Turai rashin kallon ido alama ce ta otizim, mu kuwa sunkuyar da kai gaban babba kunya ce da tarbiyya. Gaisuwarmu ma a tsare take, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina ƙoƙari, lahiya lau, mutum na iya haddace ta ya wuce ba wanda ya gane komai. Wannan rahama ce ta wani gefen, ƙanena na gaida kowa tsaf. Amma tana ɓoye wahalar, musamman ga mata. Yarinya mai shiru da ba ta hita, ba ta son taro, kowa yabonta yake, sai an kai ta gidan miji cikin dangin miji da facaloli da baƙi ba dare ba rana sannan ta durƙushe, a ce aljanu sunka shige ta ko ba ta son mutane. Ƴar uwa, in kin san duk wani suna ko biki kina kwana biyu kwance bayansa, in kin san kina kwaikwayon yadda wasu mata ke dariya da hira don kar a gane ki, ki faɗa ma likita wannan da bakinki, don daga waje ba a gani. Ana gano maza sau uku ko huɗu fiye da mata, kuma ɓoyon nan na cikin dalilai.

Maganar magani

Babu ƙwayar da ke cire otizim, ko a Faransa ko a Amurka. Duk mai sayar maka da garin magani ko ruwan roba a Facebook da wannan suna kuɗinka yake so. Abin da ake ba magani shi ne damuwa da fargaba da barci da farfaɗiya in akwai. Magungunan damuwa ba sa aiki ran farko, sukan ɗauki sati biyu zuwa shida, kuma ba a yanke su dare guda, da likita ake sauka a hankali. TDAH yana da magani da ke taimakon mutane da yawa, metilfenidat, wanda anka fi sani da Ritaline, amma yana cikin magungunan da dokar duniya ta tsaurara, sai da ordonans da bibiyar hawan jini da bugun zuciya. Tambayi likitanka abin da ke samuwa. Kada ka saya a farmasin ƙasa wurin masu tire, kada ka karɓi na wani da ya zo da shi daga waje. In an ba ka magani ya sa kana wuni kana barci, yawu na zuba, jiki ya sandare, koma da wuri ka faɗa, ba haka ya kamata rayuwa ta zama ba.

Malamai kuma fa? Ni musulmi ne, ina addu'a, ina azkar, kuma salloli biyar su ne ma sunka fi kowane agogo tsara mani yini. Ba wanda ya ce ka zaɓa tsakanin addu'a da likita. Iyakar da na ja ita ce duka, ɗauri da mari, hayaƙi a rufaffen ɗaki, hana abinci, ko a ce ka zubar da maganin asibiti. An taɓa kai ƙanena wani wuri yana ɗan shekara sha huɗu, ana karatu da ƙarfi cikin kunnensa, shi da ƙara ke yi ma kamar ana soka mai allura, da ya yi ihu sai anka ce ga aljanin nan ya yi magana. Ba aljani ba ne, yaro ne ke jin zafi. Har yau in ya tuna jikinsa rawa yake.

A gida da wurin aiki

Mafi yawan sauƙin da munka samu ba daga farmasi ya zo ba. Ni makulli da portabul da katin shaida wuri guda suke kwana, cikin wata ƙwarya bakin ƙofa. Komai na rataya shi ga salla, magani bayan asuba, kiran Inna bayan la'asar ran Juma'a, duba kaye bayan isha'i. Albashi na shigowa matata ke ware na haya da na hatsi da na lakwal ɗin yara a ranar, ni na roƙe ta, don na san hannuna. Aikin da na kasa farawa ina kiran abokina ya zo ya zauna kusa yana nasa ina nawa, ko magana ba ma yi, amma yana tahiya. Shayi na uku bayan magariba na bar shi, barcina ya gyaru.

Ƙanena nasa daban. Ya daina shiga kasuwar Katako da tsakar rana, da sassafe yake sayen kayan gyara. Yana da abin toshe kunne a aljihu. Biki yakan je ɗaurin aure da safe ya gaida manya ya tahi, munka zauna da Baba munka yi mai bayani har ya yarda cewa wannan ma zumunci ne. In za a yi baƙi ana faɗa mai tun jiya. In Inna na son abu ba ta yi mai habaici ko zagaye-zagaye, tana cewa kai ɗan nan, ɗebo mani ruwa jarka biyu kafin azahar, shi kenan an gama, don shi magana yadda anka faɗe ta yake ɗaukarta. Watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce 40 ga kuran na ɗaukewa, mun san haƙurinsa gajere ne, muna rage mai hidima.

In abin ya cika mai ya fashe, kuka ko ihu ko buga kai, ko kuma ya yi tsit ya kasa magana, ba iskanci ba ne ba kuma raini ba. A rage mutane, a kashe rediyo, a daina tambaya, kada a riƙe shi sai in zai ji ma kansa ciwo, a ajiye ruwa kusa. Magana sai ya dawo daidai, wani lokaci sai gobe.

Wurin aiki ba dole ka faɗi sunan larura ba. Kana iya cewa shef, na fi yin aiki mai kyau in an rubuto mani abin da ake so da ranar da ake so, ko a bar ni in zauna nesa da ƙofa. Yawanci ba mai ƙin wannan. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman tun 2008, kuma a cikinta akwai maganar gyara wurin aiki daidai da bukatar mutum, don haka ba alfarma kake roƙo ba. Amma ka auna wanda za ka buɗe ma cikinka, garin nan ƙarami ne, magana na rigan ka zuwa gida.

Sai maganar a yi mai aure zai warke. Iyaye, aure ba asibiti ba ne. Masu otizim da TDAH suna aure, suna haihuwa, suna riƙe gida, ga ni nan. Amma ya zama shi ke so, kuma wadda za ta shigo ta san da wa za ta zauna tun kafin a kai kaya, haka in mace ce. Ni da matata mun koma wurin sikolog tare sau biyu, a zama na biyun ne ta ce ashe ba raina ni kake ba, ta yi kuka, ni ma na yi.

Abu guda da ba a jira da shi. Masu irin kanmu sun fi shiga haɗarin tunanin kashe kai, musamman waɗanda sunka daɗe suna ɓoyo. In ɗan uwanka ya fara cewa gara ba ni, na zame muku kaya, ko ya fara rabar da kayansa, tambaye shi kai tsaye, kana tunanin kashe kanka ne? Tambayar ba ta sa mai tunanin, tana buɗe mai ƙofa ne. Kada ka fara da wa'azin wuta, ya riga ya sani, kunya ce ma ta hana shi faɗa. Kwashe fiya-fiya da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi da igiya daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi irjans a daren, ba sai gari ya waye ba. In kai ne ke cikin wannan hali yanzu, tashi ka buga ma mutum guda ƙofa ko waya, ko da ƙarfe ukun dare ne, ka ce mai kada ka bar ni ni kaɗai yau.

Kuma ka nemi irinka. Ran 2 ga Afrilu ce ranar otizim ta duniya, 10 ga Oktoba ta lahiyar ƙwaƙwalwa, a irin ranakun nan akan yi taruka da hira a rediyo, yawanci kan yara ne da iyayensu, amma je ka, ko ka tsaya daga baya, a nan na haɗu da wata uwa da ta kawo ɗanta sai ta gane ita ma labarinta ake faɗa. Yanzu mu biyar ne, muna haɗuwa ran Lahadi ta farkon wata bayan la'asar a tsakar gidan ɗayanmu, ba kiɗa, ba a tilasta ma kowa magana, mai son tahiya ya tashi ba sai ya ba da dalili ba. Ƙanena ya zo sau uku bai ce uffan ba yana gefe da wayar wani a buɗe gabansa. A na huɗu ya tambaya ko wata mai zuwa za a iya farawa ƙarfe biyar daidai, don ya san lokacin rufe shago. Munka ce to, ƙarfe biyar.